Wace na'urar neman zinari mai jure ruwa ta dace da sabon shiga?

Sabon Shiga, Maru:

Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema kafin in zuba kuɗi. Ina son sayen na'urar gano ƙarfe don neman zinari a bakin rafuka da kwazazzabai na yankinmu, musamman da kaka idan ruwa ya fara ja. Duk mai sayarwar da ka tambaya sai ya ce tasa tana shiga ruwa, farashi kuwa wata ta ninka wata sau biyar. Wace iri ce ta dace da wanda bai taɓa riƙe ta ba? Jure ruwan nan dole ne? Kuma da gaske akwai wadda ke nuna zinari daga nesa, ko a zurfin mita goma?

Mai Faifai, Anka:

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da ta ƙarshe don ita ke cinye kuɗin mutane. Wadda ake riƙewa kamar bindiga, da eriya tana juyawa wai tana nuna inda zinari yake daga nesa, kada ka ko taɓa ta. Hannunka ne ke juya eriyar. Na'urar gaskiya sai faifanta, wato zagayen da ke ƙasan sandarta, ya bi ta kan abu kafin ta yi kuka, kuma zurfinta da santimita ake auna shi. Ƙwayar zinari mai nauyin kashi ɗaya cikin goma na giram ba za ka ji ta ba in ta wuce 'yan santimita kaɗan. Mai giram ɗaya, a ƙasa mai sauƙi, wajen tsawon ɗan yatsa zuwa tsawon tafin hannu.

Batun ruwa kuma hawa uku ne, masu sayarwa ke cakuɗa su da gangan. Akwai wadda faifanta kaɗai ke shiga ruwa, akwatin da ke da allo da maɓallai bai jure komai ba. Akwai wadda faifan ke shiga ruwa, akwatin kuma ya jure yayyafi. Sai ta uku wadda za ka nutsar da ita gaba ɗaya. Misali Gold Monster 1000 ta kamfanin Minelab na Ostireliya: faifanta yana nutsewa har mita 1, amma akwatin yayyafi kawai yake ɗauka, in ka zame a kan dutse ta faɗa gulbi, to sai dai haƙuri. Garrett AT Gold da Equinox 800 suna nutsewa dukansu har mita 3. Gold Kruzer ta kamfanin Nokta na Turkiyya har mita 5. Kada ka tsaya a bakin mai shago. Buɗe littafin na'urar ka nemi inda aka rubuta IP68, wato alamar jure ruwa da ƙura, ko adadin mitocin, ka kuma duba ko maganar faifai ake yi ko ta na'urar duka.

Amma abin da ya fi ruwa muhimmanci shi ne yawan bugun na'urar, wanda ake rubutawa da kHz. Idan lambar ta yi sama, na'urar ta fi jin ƙananan ƙwayoyi, sai dai ta fi surutu a ƙasa mai ƙarfe-ƙarfe. Na'urorin neman tsabar kuɗi da ake tallatawa da arha yawanci ba su kai 10 ba, za su taka ƙaramin zinari su wuce shiru. AT Gold tana kan 18, Gold Monster 45, Gold Kruzer 61. Equinox 800 tana haɗa bugu da yawa lokaci ɗaya, tana kuma da 20 da 40 daban tare da tsari na musamman na zinari. Lura, 800 na ce. Ƙanwarta 600 kamarsu ɗaya a ido amma ba ta da tsarin zinarin, kuma ana yawan miƙa wa mutane ita a madadin.

In ni ne kai, tunda ka ce bakin ruwa, tsakanin Gold Kruzer da Equinox 800 zan zaɓa. In aikinka a tudu ne kuma sai jefi-jefi za ka tsoma faifai a rafi, Gold Monster ta fi kowacce sauƙin koyo, don ita ke daidaita kanta da ƙasa.

Ɗan Yauri:

Malam Mai Faifai ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Sai dai akwai abin da ya kamata a gaya wa yaron nan tun kafin a kai ga sunan na'ura. Babu injin da ke jin garin zinari. Mafi yawan abin da ake samu a Anka da Bukkuyum da Maru, da nan wajenmu a Yauri da Ngaski, ko dai gari ne a cikin yashi da ake wankewa a tasa, ko kuma yana warwatse cikin jijiyar farin dutse sai an daka an niƙa. Tulin yashi zai iya ba ka giram guda a wanki, ka bi ta kansa da na'ura mafi tsada ba ta ce uffan ba, saboda kowace ƙwaya ita kaɗai na'urar ke ji, ba ta tara su. Don haka ka fara tambayar masu wanki a wurin da kake nufi: suna tsintar ƙwayoyi kamar gero ko dawa ko wake? In amsar a'a ce, tasa da shebur da rariya sun fi maka amfani.

Na biyu, ƙasarmu. Jar ƙasa da marmara cike suke da ƙarfe, ga baƙin yashin nan da ke kwanciya a gindin rafi, wanda in ka sa maganaɗisu yake mannewa. Kuma abin haushi, inda baƙin yashi ya taru nan zinari ke taruwa, duka biyun nauyi gare su. Irin na'urorin da Malam ya lissafa, waɗanda ake kira VLF, a irin wannan wuri kuka suke ta yi, sai ka rage musu ƙarfin ji, zurfi ya tafi. Ɗayan nau'in, PI, shi ke ratsa irin wannan ƙasa. A cikinsu masu nutsewa a ruwa akwai SDC 2300, har mita 3, faifanta inci 8, tana naɗewa ta shiga jaka, maɓallanta kaɗan ne. Akwai Garrett ATX ita ma mita 3, amma ta haura kilo 3, kafin azahar kafaɗa ta gaya maka. Aibin PI biyu ne: kuɗinta ya ninka na VLF sau da dama, kuma kusan ba ta bambance ƙusa da zinari, komai za ka tona. Manyan da ake ji da su, GPX da GPZ 7000, ba na nutsarwa ba ne, kuma ba nan sabon shiga ke farawa ba.

Sabon Shiga, Maru:

Na gode ƙwarai. Masu wanki sun ce ana tsintar kamar ƙwayar gero, wani lokaci dawa, a tsagogin dutse. To Yaya Ɗan Yauri, ke nan in haƙura sai na tara kuɗin PI?

Mai Faifai, Anka:

A'a, a nan ban bi bayan Ɗan Yauri ba. Ƙwaya kamar gero abincin VLF mai bugu sama ce. Maganin surutun ƙasa shi ne ƙaramin faifai irin wanda ake kira DD, inci 5 ko 6, ko mai siffar ƙwai. Ƙaramin faifai ƙasa kaɗan yake gani a lokaci guda, don haka surutu kaɗan, kuma yana shiga tsakanin duwatsu. Babban faifan inci 11 da ke zuwa da Equinox ka ajiye shi, ka sayi na inci 6. Ka koyi sana'ar da wannan. In wurin ya nuna yana da manya a zurfi, zinarin da kansa zai sayi PI.

Injiniya, Gusau:

Ni kan saiti da kula zan yi magana, don rabin masu cewa an sayar musu da jabu saitin ne bai zauna ba.

Da ka isa wuri, ka kunna nesa da wayar lantarki da janareta, ka kashe wayarka ko ka bar ta a jaka. Ɗaga faifan sama ka danna maɓallin kawar da hayaniya, in na'urar tana da shi, ka jira ta gama. Sai daidaita ƙasa. Nemi wuri da babu ƙarfe, riƙe maɓallin, ka riƙa ɗaga faifan kana saukewa, daga kusa da ƙasa zuwa kamar santimita 15, a hankali, har sautin ya daina sauyawa tsakanin hawa da sauka. Duk sanda launin ƙasa ya canza, daga ja zuwa baƙi ko daga busasshiya zuwa jiƙaƙƙiya, ka sake. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya surutu, shi ya sa saitin da ya zauna a tudu yake rikicewa da ka sauka gaɓa.

Ƙarfin ji kada ka kai shi ƙarshe. Ɗaga shi har na'urar ta fara ƙananan koke-koke, sai ka dawo baya mataki ɗaya ko biyu. Ɗan zumin nan da ke tafiya ba yankewa a kunne, ka bar shi ƙasa-ƙasa kamar kukan sauro. Ƙaramin zinari sau da yawa ba ƙara yake yi ba, ɗan motsi ne kawai a cikin wannan zumin.

Babban kuskure shi ne kunna tsarin da ke tace baƙin ƙarfe. Ƙaramin zinari a ƙasa mai ƙarfe lambar da na'urar ke nuna masa a allo tana faɗowa kusa da ta ƙusa da takardar sigari, tacewar sai ta haɗa da shi. Yi aiki a tsarin da ke jin kowane ƙarfe, ka tona duk sautin da ya maimaita kansa daga ɓangarori biyu. Dutsen ƙarya, wato mai ƙarfe a ciki, sautinsa faɗi gare shi kuma ba shi da tsakiya, in ka ture shi da ƙafa sautin ya bi shi. Ɗaura maganaɗisu mai ƙarfi a kan digarka, zai kwashe guntayen waya da ƙusa ya rage maka wahala.

Lilo a hankali, faifai na shafar ƙasa, kowane zagaye ya hau rabin na baya. In ka tono, kada ka wuce da ƙasar a tafin hannu ta kan faifai, don masu bugu sama suna jin hannun mutum kansa, balle da zobe ko agogo. Ludayin roba za ka sa, ka riƙa raba ƙasar biyu kana gwadawa har ta rage abin da ido zai gani. A rafi, inda za ka sa faifai shi ne cikin gwiwar ruwa inda gudu ke raguwa, bayan manyan duwatsu, da tsagogin dutsen gindi. Tsakiyar yashi mai zurfi ɓata lokaci ne, zinarin ya nutse can ƙasa inda ba za ka ji shi ba.

Yanzu ruwa. Na'ura na iya zama mai nutsewa amma abin kunnenta ba haka ba, kuma yawanci wanda ke zuwa a kwali ba ya shiga ruwa. Mara waya kuwa da akwatin ya nutse sautin ya yanke. In za ka nutsar, sai ka sayi mai waya na ruwa daban. Ruwa ba ta jikin roba yake shiga ba, ta mahaɗai yake shiga: murfin batir, ramin abin kunne, inda wayar faifai ke ɗaurewa. Kowanne yana da ɗan zoben roba. Ƙwayar yashi ɗaya a kansa ta isa. Goge shi, shafa masa man silikon kaɗan, banda man inji ko basilin don suna lalata roba, ka ɗaure da hannu ba da filaya ba. Kada ka bar ta a rana ko a but ɗin mota ta yi zafi sannan ka tsoma ta a ruwan sanyi, iskar ciki na tsukewa ta jawo ruwa. Bayan aiki ka ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka cire murfin ƙasan faifai ka wanke, domin baƙin yashi na maƙalewa a nan ya sa na'urar kukan banza har ka ɗauka ta lalace. Wani amfanin mai jure ruwa da ba a faɗa: ƙurar hunturu ma ba ta shiga.

Batir kuma ka yi tunaninsa tun a shago. AT Gold ƙananan batura 4 take ci, waɗanda ko a kasuwar ƙauye akwai. Equinox da Gold Kruzer nasu a ciki yake, da USB ake caji, Equinox na kai wajen awa 12. In za ka kwana biyu a daji sai da fawa banki ko ƙaramar sola, kuma ba a caji alhali mahaɗin na jiƙe.

Dattijo, Bukkuyum:

Yarona, abu uku da ba su cikin kwalin na'ura. Ma'adinai a dokar 2007 na gwamnatin tarayya ne. An hana haƙa a Zamfara a watan Afrilun 2019, aka ɗage a Disambar 2024, amma ɗagewar ba lasisi ba ce. Shiga ƙungiyar masu haƙa mai rajista, ka tabbatar wurin ba ya cikin lasisin wani, ka gaida hakimi da mai gona, ka kuma tambayi halin tsaron dajin a ranar da za ka fita, ba na makon jiya ba. Sannan in na'ura ta yi kuka a kan farin dutse, kada ka kai shi gida a daka. Dutsen yankin nan yana tafe da dalma. Daka shi a tsakar gida ne ya kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010. Kayan aiki da tufafin aiki su tsaya a wurin aiki. Kuma da ka ga hadari ya haɗu ta sama da rafi, ko ba a yi ɗigo a inda kake ba, fito daga kwazazzabo.

Ɗan Yauri:

To na yarda da Malam, ya fara da VLF tunda gero ake tsinta. Saura ranar saye. Jabun na'urori masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni sun cika kasuwa, har da kwali da littafi. Duba shafin kamfanin ka ga ko mai shagon yana cikin dillalansu, ka karɓi rasit mai lambar na'urar da takardar garanti, ka tabbatar lambar jikin akwati ita ce ta kwali. Kada ka yarda a gwada maka da zobe ko tsabar kuɗi a iska, ko ta wasan yara za ta yi kuka. Je wurin mai sayen zinari ka karɓi 'yar ƙwaya mai nauyin 0.1 zuwa 0.3 na giram, ka manne ta da salatif a kan guntun roba mai launi don kada ta ɓace. Ka ɗebo jar ƙasa da baƙin yashi na wurin da za ka yi aiki, rabin bokitin roba. Binne ƙwayar santimita 3, a gwada, sannan 5. Wadda ta ji ta a cikin ƙasarku ba tare da ta cika kunne da surutu ba, ita za ka biya. Guntun robar nan kuma ka riƙe shi a aljihu, kullum da safe bayan ka gama saiti ka ajiye shi ƙasa ka bi ta kansa kafin ka fara.