Na canza batirin Hilux da kaina, silo ya lalace, Alhaji kuma Talata zai dawo

Ɗan Aliero: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin mota ku agaza mini, tun jiya ban runtsa ba. Motar ba tawa ba ce, ta kawuna ce, ƙanin mahaifiyata, shi ya riƙe ni tun ina aji uku na firamare bayan rasuwar mahaifinmu. Hilux ce ta 2012, fara, mai fetur, injin 2.7. Shekara huɗu ke nan ina jan ta. Da ita muke kai taki da injin ban-ruwa fadama, mu kwaso albasa, wani lokaci har Kamba nake kai kaya. Alhaji bai yarda kowa ya taɓa motar nan ba sai bakanikensa guda ɗaya a Birnin Kebbi, ko juyen baƙin mai ne sai an je can. Akwai wani ɗan'uwanmu da ya taɓa kai ta gareji a Jega ba da izini ba, har yau bai sake ganin makullinta ba, dalilin da ya sa ma ta dawo hannuna ke nan. To Alhaji ya tafi Umara, ya bar mini kuɗin mai da na leburori, ya ce amana.

Sati biyu da suka wuce ta fara nauyin tashi da safe. Ranar Alhamis a fadama ta ƙi sam, sai ƙas-ƙas-ƙas kawai kake ji, sai da yara suka tura. Na kira bakaniken Alhaji kwana biyu waya a kashe, ga albasa an cire tana ƙasa. Sai na je Jega na sayo sabon batir mai 75, na ɗaura da kaina. Bugu ɗaya ta tashi. Amma tun daga nan, in na taka kuloci zan tsaya sai silo, wato aikin injin in ba a taka totur ba, ya lalace, allurar injin ta faɗo ƙasa, motar ta kama karkarwa, in esi na kunne ma mutuwa take yi. Gilashin direba da ke hawa da taɓi ɗaya yanzu sai na riƙe. Agogo ya koma 1:00, tashoshin rediyon Alhaji duk sun goge. Talata zai sauka, ni zan ɗauko shi a filin jirgi na Ambursa. Na ƙona wani abu ne?

Tsohon Direba: Yaro ka yi ɓarna, biren bos, kwamfutar motar, ka taɓa. Shekara 26 ina bisa titi, Legas, Fatakwal, Agadas, ba inda ban taka ba. Motar zamani ba a cire mata batir tana kashe. Tada ta kake yi, tana silo, ka zare tsoho ka aza sabo, altaneta mai cajin batir na riƙe da ita, ba abin da za ta mance. Haka munka gada, haka muke yi. Yanzu sai ka nemi wani biren bos na Balgiyam, a Sakkwato ana samu.

Mai Wayarin Kalgo: Baba, da girmanka, wannan shawarar ita ce ke ƙona biren bos. Batir shi ne ke shanye wutar da ta yi yawa. Ka zare shi injin na aiki, wutar altaneta ta yi tsalle, ta bi ta kan komai. A tsohuwar Fijo mai kafireto a tsira, a wannan ba a wasa. Ɗan Aliero, motar da biren bos ɗinta ya ƙone ba ta tashi bugu ɗaya ta kai ka Jega. Wane kan batir ka fara kwancewa, baƙi ko ja? An yi tartsatsi?

Tsohon Direba: Ku yaran yanzu komi sai ku ce littafi. Mota nawa na yi ma haka? Ko ɗaya ba ta mutu ba.

Baban Hanifa: Ni abin da ya dame ni batirin ma. A ina ka saya? Bara na sayi ɗaya a wani shago a Birnin Kebbi, an rubuta garantin wata shida a rasit, wata uku ya mutu. Na mayar, mai shagon ya duba ya ce wai na haɗa shi da infata a gida, ni da ko sola ba ni da ita. Muka yi ta yi har sai da mutane suka taru. Daga baya wani yaron shago ya raɗa mini cewa tsofaffi ake wankewa, a zuba ruwa, a manna sabuwar takarda. Kuɗina har yau. Ka duba ranar da aka buga a jikinsa, ka ɗaga shi ka ji nauyi, na bogi bai da nauyi.

Ɗan Aliero: Batirin mai kyau ne Baban Hanifa, a kwalinsa na karɓa, a gabana aka yage leda. Kuma ni ba yau na fara ɗaura batir ba, na injin ban-ruwa da na janareta duk ni nake yi. Da na zauna jiran bakanike da albasar Alhaji ta lalace, sannan a ce ban kula ba. Ni silon nan ne matsalata.

Injiniya Birnin Kebbi: Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, duk abin da ka lissafa na gan shi sau da yawa a Toyota. Ga yadda abin yake. Injin nan na 2.7 ba waya ce ke jan maƙogwaronsa ba, kwamfuta ce ke buɗe shi, wurin da bakanikai ke kira bakin injekta. Shekara da shekaru kana shiga fadama, ƙura da hayaƙin baƙin mai suna taruwa a bakin, hanyar iska tana ƙuntata kaɗan-kaɗan. Kwamfutar tana lura, tana ƙara buɗewa don silo ya zauna, kuma tana riƙe da wannan lissafin a kanta. Da ka cire batir sai ta manta, ta koma lissafin ranar da ta fito daga kamfani, lokacin da bakin yake fes. Yanzu tana buɗe ƙofa daidai ta sabuwar mota, alhali ƙofar ta toshe da dauɗa. Iska ba ta isa, shi ya sa take shaƙewa, in esi ya ƙara mata kaya ta mutu.

Ka tada ta ta yi zafi sosai, ka kashe esi da fitilu da rediyo, ka bar ta a silo kamar minti goma ba ka taɓa totur ba. Sannan ka kunna esi ka sake barinta. Ka yi yawo da ita kwana ɗaya ko biyu, da tsayawa da tashi, tana koyo da kanta. In bai zauna ba a wanke bakin injekta, aikin rabin awa ne, amma kada a danna faifan ciki da ƙarfi. Gilashi kuma ka sauke shi, ka ɗaga har ya rufe, ka ci gaba da riƙe makunnin sama na 'yan daƙiƙoƙi. Agogo da rediyo ka saita da hannu. Gaba in za ka canza, akwai 'yar na'ura da ake soka wa a ramin da ake sa kwamfutar gwajin mota a ƙarƙashin sitiyari, tana ba motar wuta kaɗan har ka gama, ba ta manta komai.

Tsohon Direba: Wai mota na koyo. To Allah ya ba mu rai mu sha kallo. Injiniya, in ta mace mai a Ambursa gaban Alhaji, kai za ka zo ka tura?

Maman Sadik: Ni dai shawarata ka kira kawunka ka faɗa masa tun yana can. Mutumin da ke gaban Ka'aba zuciyarsa a sanyaye take. Mu nan abin da aka yi mana, Baban Sadik ya kai motarsa gyaran birki, ta kwana biyu a gareji, ta dawo da wani batir daban, tsoho, an goge shi da baƙin mai yana ƙyalli. Sai da muka tashi zuwa biki Yawuri ta ƙi tashi, ni da yara da kulolin abinci a rana. Da aka je, yaran garejin kowa ya rantse. Tun daga nan da fenti yake rubuta sunansa a jikin batir. Don haka ni ban ga laifinka ba da ka yi da kanka, ɓoyewar ce ba na so.

Ɗan Aliero: Hajiya ba ki san Alhaji ba ne. Kuma ba ɓoyewa nake ba, so nake in gyara tukuna. Injiniya na gode, na gwada na gilashin ya yi. Silon na bar ta minti biyar ban ga canji ba na kashe, mai ya yi tsada. Wani abu kuma da na manta ban faɗa ba, jar fitilar nan mai hoton batir tana ɗan ƙiftawa in na shiga gargada, amma tana ɗaukewa.

Mai Wayarin Kalgo: Wannan ai shi ne babban zancen, ka bar shi a ƙarshe. Na tambaye ka tun ɗazu, wane kai ka fara kwancewa? An yi tartsatsi? Kuma kawunan sabon suna gefe ɗaya da na tsohon?

Abu Zuru: Sai an yi wa batirin rajista da kwamfuta, haka aka yi wa motar ogana a Abuja. In ba a yi ba altaneta ba za ta san sabo ba ne.

Injiniya Birnin Kebbi: Wancan na BMW ne da sababbin Ford masu na'urar auna batir a jikin baƙin kai. Hilux ta 2012 ba ta buƙata. Kada ka biya kowa kuɗin rajista.

Ɗan Aliero: Malam mai wayarin, jan na fara kwancewa don shi ne kusa da hannuna. Sifanar ta ɗan taɓa ƙarfen da ke danne batirin, ya yi fat, amma kaɗan ne, ko ɗigon baƙi bai bari sosai ba. Kawunan kuma gaskiya a juye suke, mai shagon ya ce irin wancan ya ƙare, duk ɗaya ne. Ban haɗa a juye ba fa, na duba alamar sau biyu. Juya batirin na yi, wayar ja ta kai da ƙyar amma ta kai. Baƙin kan ne ya ɗan yi sako-sako, ga farin gari ya ci shi, sai na kankare da wuƙa na buga 'yar ƙusa a tsakani. Ya kama gam.

Mai Wayarin Kalgo: Innalillahi. Ƙusa. Baƙi ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe, saboda duk ƙarfen jikin mota da baƙin kai yake haɗe, in yana haɗe sifana ta taɓa ja da ƙarfe ka yi walda ke nan. Allah ya rufa maka asiri. Yanzu ji: kan da ke rawa a gargada daidai yake da abin da Baba ya ce a yi, kana cire batir kana mayarwa injin na gudu. Kuma in yana yankewa kwamfutar sai ta yi ta mantuwa, ba silon da zai zauna. Wayar ja da ka ja da ƙarfi, in ta goga a ƙarfe ta fashe, gobara ce. Ka cire ƙusar nan yau, ka sayi sabon kai, ka wanke garin da ruwan kanwa mai ɗumi, ka mayar da batirin a ba ka mai kawuna daidai. Sannan ka sami mita, ko wurin masu haɗa sola akwai. Mota a kashe ka ga wajen 12.6, tana aiki ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. In ta tsaya a 12 da wani abu tana aiki, altaneta ba ta caji ko babban fis ya tafi, wataƙila ma tun farko ita ta kashe tsohon batirin.

Ɗan Aliero: Ƙusar ba ta da matsala Malam, a tasha kowa haka yake yi, wani shekara biyu yana yawo da ita. Batirin kuma ba za su karɓa ba, na riga na ba su tsohon an rage mini kuɗi, kwalin ma yara sun yaga. Altaneta lafiyarta lau, fitilu suna haske tar.

Tsohon Direba: Gwajin altaneta ai ba ya son mita. Tada ta ka zare kai guda, in ta mace altaneta ce, in ba ta mace ba biren bos ne kamar yadda na hwaɗi tun farko. Minti guda ka gama.

Injiniya Birnin Kebbi: Don girman Allah kada ka yi wannan.

Baban Hanifa: Ka gani ko? "Irin wancan ya ƙare, duk ɗaya ne." Kalmar da aka faɗa mini ke nan. Duk bakinsu ɗaya. Ga zafin Kebbi a watan Afrilu, na kirkin ma da ƙyar yake shekara biyu, balle wanda aka wanke.

Maman Sadik: Ka kira shi dai.

Ɗan Aliero: Na gode duka. Bakaniken Alhaji ya kunna waya, ashe rasuwa aka yi masa yana Bunza, sai Laraba zai buɗe. Ban gaya masa komai ba don zai kai wa Alhaji. Tunanina yanzu, Talata in tafi da wuri, in bar esi a kashe in ce gas ne ya ƙare, in riƙa ɗan taɓa totur in zan tsaya. Daga Ambursa zuwa Aliero kwalta ce, ba gargada sosai. Wa ya san lambobin tashoshin FM na Birnin Kebbi, in mayar masa da rediyon yadda yake?

Mai Wayarin Kalgo: Ka cire ƙusar?

Tsohon Direba: In ka shirya zuwa Sakkwato ka yi man magana ta akwati, ina da mutum.