Ciwon MS: ina aka kwana a binciken maganinsa?

Yayar mara lafiya, Gwammaja:
Assalamu alaikum. Likita ya ce ƙanwata mai shekara 27 tana da MS, ciwon da garkuwar jiki ke cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Ido ɗaya ya dushe, tana jan ƙafar hagu. Duk gidan mun ɗora rai a kan binciken da ake yi a waje. Don Allah masana, akwai maganin warkewa a tafe? Kafin ya zo me za mu yi?

Likitan jijiya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Hajiya, a fara tabbatarwa MS ɗin ne. Akwai mai kama da shi, NMO, wanda ke kama jijiyar ido da laka, kuma ya fi yawa a baƙar fata fiye da a Turawa. Interferon beta, wanda ke taimakon mai MS, yana iya tsananta NMO. Don haka a yi hoton MRI na ƙwaƙwalwa da laka tare da allurar da ke haska tabon da ciwon ke yi wa jijiya, a ɗibi ruwan laka, a yi gwajin jini na AQP4, wanda ke taimakawa wajen gano NMO. Akwai likitocin jijiya a Asibitin Malam Aminu Kano.

Maganin warkewa babu tukuna, amma an yi nisa. A 1993 aka fara samun maganin rage tashin ciwon. A 2017 Amurka ta amince da ocrelizumab, ƙarin ruwa duk wata shida. A 2022 masana a Jami'ar Harvard suka bi bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10, suka ga kamuwa da ƙwayar cutar Epstein-Barr (EBV) na ninka haɗarin MS sau 32. Shi ya ƙara wa masu neman rigakafinta ƙaimi. Abin da ya gagara har yanzu shi ne mayar da jijiyar da ta riga ta mutu. Shi ya sa jinkirin fara magani ke damuna fiye da komai.

Mai harhaɗa magunguna, Fagge:
Wanda ya fi kusa da aljihunmu shi ne rituximab, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin muhimman magungunan MS a 2023. Kafin a ɗaura shi dole a gwada ciwon hanta nau'in B, don yana iya tayar da wanda ya kwanta. A duba tarin fuka ma. Ana ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, to ku tambayi yadda aka adana shi, kun san halin wutarmu.

Idan ciwon ya taso ana ba da methylprednisolone giram 1 kullum ta jijiya, kwana 3 zuwa 5, ana auna suga da hawan jini. Yana gaggauta lafawa ne kawai, ba ya hana tashi na gaba.

Ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi da motsa jiki:
Yaya, ku kula da zafin Maris zuwa Mayu. Jijiyar da rigarta ta zaizaye tana kasa isar da saƙo idan jiki ya ɗumama, sai ido ya ƙara dushewa, ƙafa ta yi nauyi, a ɗauka sabon tashi ne. Wanka da ruwan sanyi, inuwa, motsa jiki bayan asuba. Zazzaɓi da ciwon mafitsara ma suna yin haka, a gwada fitsari kafin a taɓa maganin tashi. Sabuwar alamar da ta wuce awa 24 babu zazzaɓi kuwa, a koma wurin likita a ranar.