HDOP na nuna 0.7 amma turken da na kafa ya gusa da kusan mita biyu

Ɗan Gadarif:
Assalamu alaikum. Na ɗaura wa taraktan kawuna na'urar GPS irin ta masana'antu, don mu riƙa fitar da layin riɗi a miƙe a gonarsa ta kudancin Gadarif, a ƙasar Sudan. Bayanan suna shigo mini kwamfuta ta kebul, layukan NMEA, wato tsarin rubutun da na'urorin GPS ke fitar da bayanai da shi. A layin GGA, wanda ke faɗin wurin da na'ura take, ina ganin taurarin ɗan Adam 12, HDOP kuma 0.7, sai na ɗauka kuskurena bai wuce santimita 70 ba. Ranar Asabar na kafa turken ƙarfe a bakin gona na rubuta lambobinsa. Da na dawo Lahadi da safe na ɗora eriya a kan turken nan, sai na'ura ta ce na matsa gabas da kusan mita biyu. Kawu har ya fara cewa igiyarsa ta fi wannan abu gaskiya. Wace lamba ce ke faɗin ainihin kuskuren?

Bashmuhandis Maiurno:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, HDOP ba mita ba ce. Tana faɗa maka yadda taurarin suka bazu ne a sama: in sun watsu ko'ina lambar ta yi ƙasa, in sun taru gefe guda ta hau. A fili irin na Gadarif da ba gini ba dutse, kullum za ka gan ta da kyau.

Duba lambar da ke bin harafin E a layin GGA. 0 babu wuri, 1 na'ura ita kaɗai ba mai gyara mata, 2 DGPS (tana samun gyara daga waje), 5 RTK da ke lilo, 4 RTK da ta kama daram (RTK ita ce hanyar gyara mai kai awo ga santimita). Eh, 4 ta fi 5, haka aka tsara, kuma ya rikita mutane da yawa. In 1 kake gani, mita biyun nan halinta ne, ba lalacewa ta yi ba.

Ɗan Gadarif:
Na duba yanzu, Yaya. 1 ce tun daga farko har ƙarshe.

Bahaushen Wadi Dawasir:
To ka ga bakin zaren. Nan Saudiyya da su muke aiki a gonakin ban ruwa. Kunna layin GST, yawanci a kashe yake zuwa. Shi ke ba da ƙiyasin kuskure da mita, na arewa da na gabas da na tsawo. In na'urar kamfanin u-blox ce a hannunka, saƙonta mai suna NAV-PVT na da hAcc, wato ƙiyasin kuskuren wuri, a milimita, a nan ma za ka ga adadin taurari na gaske, don GGA ɗinsu kan tsaya a 12 ko sun fi haka. Amma ƙiyasi ne na'ura ke yi wa kanta, in sigina na dukan ƙarfen rufin tarakta yana dawowa eriya, tana iya cika baki. Ɗaga eriyar sama da komai, da faifan ƙarfe a ƙarƙashinta.

Santimita kuwa sai da na'ura ta biyu a kafe wuri ɗaya tana aiko wa ta tarakta gyara a tsarin saƙon da ake kira RTCM. Yadda intanet yake a wajenku yanzu, aiko gyaran ta rediyo ya fi NTRIP, wato aiko shi ta intanet, kwanciyar hankali. Kowace kilomita tsakaninku na ƙara kusan milimita ɗaya a kan santimitar farko. Abin da ya taɓa cina: kada ka bar kafaffiyar na'urar ta riƙa auna wurinta sabo duk safiya, turkenka zai ci gaba da yawo ko kana kan 4. Auna sau ɗaya, ka rubuta mata lambobin.

Bashmuhandis Maiurno:
Ƙari ɗaya: gurbi na 13 a GGA (lambar da ke bayan waƙafi na 13) na nuna daƙiƙa nawa gyaran ya yi da zuwa. In ya fara hawa, rediyo ya yanke, tsayar da tarakta. Kuma bayan magariba sararin sama kan dagula sigina a yankinmu, sai ka ga 4 ta koma 5. Yi awonka da safe.

Ɗan Gadarif:
Allah ya saka da alheri. Na kunna GST, tana ba ni kuskuren mita 1.3 da 1.1. Bana dai igiyar Kawu za ta fitar da layin farko, kafin in samo ta biyun.