Kashiyata na neman hutun haihuwa, dole ne in ci gaba da biyanta albashi?

Abu Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin dokar ƙwadago ku ba ni haske. Ina da gidan burodi a nan Kano, ma'aikata 14 ne har da direba da maigadi, to kashiyata shekararta biyu tare da mu yanzu cikinta ya tsufa, ta zo ta ce tana son hutun wata uku kuma a ci gaba da ba ta wani abu. Ni ban ƙi ta huta ba wlh amma kowa ya san inda fulawa da sukari da dizal suka kai, in na biya ta na kuma biya wadda za ta riƙe mata wajen abin zai min nauyi. Wani abokina ya ce tunda ma'aikatana ba su kai 25 ba doka ba ta hau kaina ba, in sallame ta kawai, in ta yi arba'in akwai gurbi ta dawo. Raina bai kwanta da haka ba don baiwar Allahn nan akwai riƙon amana. Kuma ban taɓa ba kowa takarda ba, da baki muke magana.

Baristan Zoo Road:
Wa alaikumus salam Alhaji. Abokinka ya haɗa abu biyu ne waje ɗaya. Maganar mutum 25 ɗin nan a dokar mafi ƙarancin albashi take, wato naira dubu 70 da shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin 2024, ita ce ta ɗauke wa wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Hutun haihuwa kuwa yana sashe na 54 ne na Dokar Ƙwadago, kuma babu ruwansa da yawan ma'aikata, in dai wajen kasuwanci ne ko masana'anta ya shiga, gidan burodi kuma duka biyun ne.

Abin da sashen ya ce, in ta kawo takardar likita cewa saura sati shida ko ƙasa da haka ta haihu tana da damar ta ajiye aiki, sannan sati shida bayan haihuwa ko ita ta ce za ta iya kai ba a yarda ka bar ta ta yi aikin ba. Sati 12 kenan, ka ga wata ukun da ta faɗa ba daga kanta ta ƙirƙiro ba. Kuɗi kuma tunda ta wuce wata shida tana maka aiki dole ka ba ta aƙalla rabin albashinta, ba duka ba, kuma kuɗin asibiti na awo da haihuwa doka ba ta ɗora maka ba. Amma sallama tana cikin hutun nan haramun ne a dokance, in ta je kotun ma'aikata ta ƙasa, wadda tana da reshe a nan Kano, abin da za ka kashe zai fi rabin albashin wata uku nesa ba kusa ba.

Batun takarda ma ka gyara, sashe na 7 ya ce kafin wata uku ya cika da fara aiki ka ba ma'aikaci a rubuce irin aikinsa, albashinsa, awannin aiki, hutu da notis ɗin sallama. Kai ma tana kare ka ranar da aka samu saɓani.

Maman Iman:
Alhaji dan girman Allah kar ka bi shawarar abokin nan naka. Ni an min haka a wani kanti da na yi aiki, cikina na fitowa aka ce in je in huta za a kira ni, har na yaye yaron ba wanda ya kira, lokacin kuma maigidana ba shi da aiki, da kuɗin nan muke sayen abinci. Mace mai jego da ke fama da wanka da rashin barci ba lokacin da za a ƙara mata tunanin abinci ba ne. Sannan Barista ka manta ba ka faɗa masa ba, in ta dawo tana da rabin awa sau biyu a rana na shayarwa cikin lokacin aiki, da yawa masu shaguna ba su san da wannan ba, mu matan ma ba mu sani ba balle mu tambaya.

Ɗan Kantin Kwari:
Ni ma ina da yara a ƙarƙashina na san nauyin da kake faɗa, doka daban kasuwa daban, amma lissafa ka gani, rabin albashi na wata uku da ka ɗauko baƙuwar da ba ka san hannunta ba ka damƙa mata durowar kuɗi har abada wanne ya fi tsada. Ka samu wani cikin yaranka ya riƙe ka ɗan ƙara masa wani abu. Abin da ya fi ba ni tsoro a sana'arku ma injin kwaɓi ne da tanda, ka yi rajista da NSITF kuwa, wato hukumar gwamnati da ke biyan ma'aikata diyya in sun ji rauni a wajen aiki? Kashi 1 cikin 100 ne na jimillar albashin da kake biya, daga aljihunka ba daga nasu ba, in inji ya ci hannun yaro su ne za su biya diyya, dokar tun 2010 take.

Abu Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Hajiya Allah ya musanya miki da mafi alheri. Zan ba ta hutun da rabin albashin in sha Allah. Barista saura ɗaya, in burodi ya ƙone ko kuɗi bai cika ba mun saba cirewa a albashin wanda ya yi, wannan fa?

Baristan Zoo Road:
Maman Iman gaskiyarki, yana cikin sashen. Alhaji wannan sashe na 5 ne, ba ka da ikon cin ma'aikaci tara da kanka. In asarar ta ganganci ce ko sakaci za a iya cire daidai gwargwado amma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tukuna, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya kar ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashinsa. Ka leƙa ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya na Kano da jerin sunayen ma'aikatanka da albashin kowa, ka tambaye su wannan da batun takardun gaba ɗaya.