Zan sayar da BSA ɗina na 1938: in haɗa da safaya ko in ware?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara huɗu ke nan ina fama da wani tsohon babur, BSA M20 na 1938, a garejina nan Birmingham. Yashe na same shi, tsatsa ta huda tanki, inji ya kafe ko kik ba ya motsi. Yau alhamdu lillahi bugu biyu ya tashi. A Small Heath aka ƙera shi, unguwar da nake zuwa sayen nama duk Asabar.

To ga shi ƙarshen shekara za mu koma Zariya, uwargida kuma ta ce ba da ita za a biya wa tsohon ƙarfe kuɗin jirgi ba. Akwai safaya kwali shida: giyabos, kafireta Amal biyu, maganeto (na'urar da ke ba filogi wuta) na Lucas, tanki, da sifanoni. Wani Bature ya zo ya taya fam 4,000 har da kwalayen, na ce albarka. Abin da na kashe ya haura haka. In sallama gaba ɗaya in huta, ko in ware kayan?

Wani dattijo, tsohon makanike a Coventry:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin maganar kuɗi, ɗauki tocila ka duba lambar da aka buga a jikin inji, gefen hagu, ƙasan silinda. Na 1938 da JM20 yake farawa. In ka ga WM20, injin soja ne. Wannan ƙira a 1937 ta fito, da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke sojojin Birtaniya suka karɓi fiye da 120,000, shi ya sa injinansu suka cika gari, duk wanda nasa ya mutu sai ya ɗora na soja. Ba aibi ba ne, amma yana taɓa farashi, kuma mai saye na gaske can zai fara leƙawa. Ka tura wa ƙungiyar masu BSA hoton lambobin, su ba ka takardar shekarar ƙira.

Shi Baturen naka, me ya fi daɗewa yana kallo, babur ko kwalaye? In kwalaye ne, maganeton nan yake hari. Kayan da aka haɗa da babur gyara ake ɗaukarsu, kamar wadda mai tumatir ke ƙara maka, ba wanda ke biyan kuɗinsu. Ka bar wa babur sifanoninsa da kafireta guda, saura ka kai kasuwar tsofaffin kaya ta Kempton Park ko Stafford, ka baza a tebur. Kuɗin da ka kashe kuwa, ka manta da shi. Ba mai biyanka daren da ka kwana kana kankare tsatsa.

Wata 'yar uwa daga Leicester:
Yaya, takardu fa? V5C, wato takardar rajistar babur, ta kasance da sunanka, lambobin cikinta su dace da na jikin babur. Tunda ya wuce shekara 40, ba a biyan harajin hanya in an yi masa rajistar abin hawa na tarihi, MOT ma, wato gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara, ba dole ba ne. Rubuta haka a tallar. Kada ka ba kowa ya ɗana sai kuɗi sun shiga asusunka, ka kuma ga inshorarsa. Maigidana ya taɓa sa mota a kasuwa, wani ya turo hoton shaidar biya ta bogi, wai direba na tafe. Allah ne ya tsare.

Wani matashi daga Kano:
Haba Alhaji, ka kawo shi gida mana! Ranar hawan sallah ka fito da wannan, wa zai kalli doki?

Dattijon ya sake cewa:
Yaro man kaza. Wutarsa bolt 6 ce, notinansa na Whitworth ne, tsohon ma'aunin Ingila, sifanar Bajaj ba ta kama su. Makaniken farko da zai taɓa shi da guduma da kurfi zai kwance. In ba ka son ciniki da mutane, ɗana, akwai gwanjon kamfanin Bonhams a Stafford, Afrilu da Oktoba, sai dai suna cire la'ada, kuma ka sa farashin da ba za a sauka ƙasa da shi ba.

Mai tambaya:
Baba, na je na duba. Lambar jikin babur da J ta fara, amma injin WM20 ne. Shekara huɗu ina gogarsa ban taɓa lura ba, jikina ya yi sanyi. Baturen kuwa kusan rabin awa ya yi a durƙushe gaban kwalaye, yana juya maganeton yana sauraren ƙararsa. Zan rubuta gaskiyar injin a tallar, in ware kayan. Wa ya san nawa ake kama tebur a Kempton, kuma ƙarfe nawa ya kamata in isa?