Gwajin BRCA ya fito babu komai, shi ke nan an tsira?

Hauwa'u:
Assalamu alaikum. A ce mace ce mai shekara 32, gwaggonta ta kamu da sankarar mama tana 41, kakarta ta wajen uba kuma sankarar gidan ƙwai ce ajalinta. Ta yi gwajin BRCA, ya fito babu komai. Ta tsira ke nan? Kuma dangin uba ma suna shiga lissafi ne, tunda cutar ta mata ce?

Dakta Sani:
Wa alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Suna shiga ƙwarai. BRCA1 da BRCA2 ƙwayoyin gado ne da kowa ke da su, namiji da mace, bibbiyu: ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Aikinsu gyaran DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jiki, idan igiyoyinta biyu sun tsinke. Wanda ya gaji ɗaya a lalace yana rayuwa lafiya da ɗayar, sai ranar da ita ma ta lalace a cikin wani tantani na mama. Daga nan gyara ya tsaya, kurakurai su yi ta taruwa har ƙari ya fito. Uba mai ɗauke da ita na iya tsufa bai taɓa ciwo ba, amma kowane ɗa ko 'ya da ya haifa yana da yiwuwar gado kashi 50 cikin 100.

Mace gama-gari haɗarinta na kamuwa da sankarar mama a tsawon rayuwa kusan kashi 13 cikin 100 ne. Mai lalatacciyar BRCA1 kuwa tsakanin 55 zuwa 72, mai BRCA2 tsakanin 45 zuwa 69. A gidan ƙwai BRCA1 ta fi BRCA2 muni, wajen kashi 40.

Sai batun tsira. Wannan sakamako bai isa a kwanta a kansa ba, domin an fara gwajin daga inda bai kamata ba. Gwaggon ya kamata a fara gwadawa, in tana raye. In an gano takamaiman canjin da ke jikinta, aka nemi shi kansa a jikin 'yar ɗan'uwan nata ba a samu ba, to wannan ne "babu" na gaskiya, haɗarinta ya dawo kusa da na kowa. In ba a san abin da ke yawo a dangin ba, "babu" na iya nufin ba ta gada ba, yana kuma iya nufin an duba inda abin ba ya nan.

Malama Rakiya:
Ƙari a kan bayanin Dakta, ta ɗauko takardar ta duba me aka gwada. Wasu gwaje-gwajen miyau da ake saya ta intanet canje-canje ƙalilan suke nema, har da wasu uku da suka yawaita a Yahudawan Ashkenazi (masu asali daga tsakiya da gabashin Turai), inda kusan mutum 1 cikin 40 ke ɗauke da ɗaya. Alhali canje-canje masu illa a BRCA sun haura dubu. Ana so a karance ƙwayar gadon dukanta, a kuma duba ko wani babban yanki ya ɓace ko ya maimaitu, don karatun baƙi-baƙi kaɗai na iya tsallake wannan.

Kuma ba BRCA kaɗai ba ce. Akwai wasu ƙwayoyin gadon, PALB2, TP53, PTEN da CDH1, masu haɗari sosai in sun lalace, sai CHEK2 da ATM da ke ninka haɗarin kamar sau biyu. In takardar ta ce VUS, ma'anarsa an ga canji amma ba a san ko yana cutarwa ba. Kada a yanke wa kowa mama saboda VUS. Yawancinsu daga baya ake gane ba su da illa.

Hauwa'u:
Na gode. To in an gwada gwaggon, aka samu, 'yar ma aka samu fa?

Dakta Sani:
Sai sa ido da wuri: hoton MRI duk shekara daga 25, a haɗa da mamogiram (hoton X-ray na mama) daga 30. Ba a son mamogiram kafin nan, saboda maman matashiya a cushe yake, hoton ba ya nuna ƙari sosai, ga kuma illar hasken X-ray na na'urar. Cire mama biyun kafin ciwo yana rage haɗarin da kashi 90 ko fiye, amma zaɓi ne, da yawa kan tsaya a sa ido.

Inda ba na son jinkiri shi ne gidan ƙwai, don babu hoto ko gwajin jini da ke kama sankararsa da wuri yadda za a dogara. Shi ya sa ake ba da shawarar cire shi tare da bututunsa in an gama haihuwa: tsakanin 35 da 40 ga BRCA1, 40 zuwa 45 ga BRCA2. Al'ada za ta ɗauke nan take, don haka a tattauna maganin homon da kula da ƙashi kafin aikin. A kuma sanar da 'yan uwanta maza, musamman in BRCA2 ce, su ma suna da haɗarin sankarar mama da ta firostet (wata gaɓa da ke ƙasan mafitsarar namiji).