Gidan renon yara a Agege: in nemi kuɗi in sayi gidan, ko in ci gaba da haya?

Hajiyar Agege: Assalamu alaikum. Ina da gidan renon yara a Agege, inda mata 'yan kasuwa da ma'aikata suke kawo 'ya'yansu da safe su ɗauke su da yamma, kuma ɗakunan sun yi mana kaɗan har muna mayar da iyaye. Mai gidan ya ce zai sayar a kan naira miliyan 45, ni kuwa abin da na tara bai kai sulusi ba. Muna da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da asusun banki. Ba na son bashi mai ruwa. Duk wanda ya taɓa sayen gini ta hanyar bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, Jaiz ko TAJ ko Lotus, ina roƙon ya gaya mini yadda abin ya kasance.

Ɗan Mile 12: Hajiya, ki je ƙananan bankunan nan masu ba 'yan kasuwa rance, ba sa jan lokaci. Da su na ƙaro motar tumatir.

Maman Tagwaye: Yaya Hajiya, don Allah kada ki bi wannan shawarar. Ni ma na riƙe gidan reno a Ikorodu, kuma irin bankin nan ne ya durƙusar da ni, da na ci bashinsu don in gina nawa wurin. Ruwan da suka ambata mini na wata ne, ba na shekara ba, kuma tun ba a kafa tubali ba suka fara zuwa karɓa duk mako. Filin na saye shi a hannun wani dangi, aka ba ni rasit, sai ga wani ɓangare na dangin da tasu takardar suna cewa ba da yawunsu aka sayar ba. Ranar da aka sauke yashi omo onile, wato masu iƙirarin su ne 'ya'yan masu ƙasar, suka tsaya a bakin filin, sai da na biya kuɗin tushe, da aka kai rufi suka dawo. Kuɗin reno kuwa wata-wata yake shigowa, a lokacin hutu ma ya ragu. Ƙarshe na sayar da janareta da katifun yara, na sallami masu reno biyu da suka yi mini hidima da amana, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ɗan Mile 12: Allah ya mayar da alheri, amma rashin karanta takarda ne, ba laifin rance ba.

Akawun Idi-Araba: Hajiya ta ce ba ta son ruwa, don haka mu koma kan tambayarta. A bankin da ba ya ta'ammali da ruwa ba kuɗi za a ba ki a hannu ba. Bankin ne zai sayi gidan, sannan ko ya sayar miki da riba sananniya ki riƙa biya kashi-kashi, wato murabaha, ko ya ba ki haya kina biya har ya zama naki, wato ijara. Za su nemi ki kawo naki kason, su duba shige da ficen asusunki, don haka kuɗin da iyaye suke miƙawa a hannu ba zai zame miki hujja ba. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne takardun gidan. Dokar filaye ta 1978 ta sa sai da amincewar gwamna ake mayar da mallaka, kuma banki zai tambayi C of O, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati. Ki sa lauya ya bincika a ofishin filaye na Alausa kafin ki ba da ko sisi. Akwai kuma asusun LSETF na jihar Legas mai ba masu sana'a rance, wanda yake neman katin LASRRA na shaidar zama a jihar, amma nasa akwai ruwa, kuma ya fi dacewa da sayen kayan aiki, ba zai sayi gida ba.

Baban Yara: Miliyan 45 a Agege? Maƙwabcina ya sayi irinsa a kan 28.

Uwargida Obalende: A wace shekara, Baba? Gida mai takardu a bakin titi ba za a same shi ƙasa da 70 ba. Arahar ce ma ta ba ni tsoro.

Baban Yara: Ke da kike Obalende, ina kika san farashin Agege? Shi ma Akawu lissafi yake yi a takarda, bai taɓa riƙe gidan reno ba. Maman Tagwaye ce ta ɗanɗana, ita ya kamata a saurara.

Ɗan Mile 12: To a sa jariran su shiga adashi, kowa ya zuba kuɗin madararsa.

Hajiyar Agege: Na gode muku. Na tambayi mai gidan, ya ce takardar da ke hannunsa ta gado ce, kuma su bakwai ne magadan. Malam Akawu, banki zai karɓi wannan?

Uwargida Obalende: Kafin ya amsa, ni abin da ya fi damuna shi ne hayar kanta. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, amma ƙanwata da ta nemi wurin buɗe aji ɗaya an ce sai ta biya shekara biyu, ga kuɗin dillali, ga na lauya, ga na ajiya saboda ɓarna. Da suka ji yara za a tara, sai suka ƙara.

Maman Tagwaye: Haka aka yi mini tun farko, shi ya sa na yi gaggawar sayen fili. Kuma akwai iyayen da har yanzu ina bin su kuɗin wata uku, muna haɗuwa a kasuwa suna gaishe ni.